Kitsen da Aka Ɗura wa Hannun Dogo

Litinin, da hantsi

Sun karɓe mu! Sun karɓe mu! Ina zaune kan bencin da ke gaban ɗakin likita, takalmina ɗaya ya cire garin sauri, har yanzu ban mayar da shi ba.

Bari in tsara maganar, ko don wata rana in karanta in yi wa kaina dariya. Mijina, wanda abokan aikinsa ke kira Dogo (ban taɓa faɗa a gabansa ba, amma nan ba ya leƙowa), aikinsa ɗaukar hoton walda. In an haɗa manyan bututu, shi ke zuwa da na'ura ya haska wurin haɗin, kamar yadda ake hoton ƙashi a asibiti, ya ga ko akwai tsaga a ciki. Cikin na'urar akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta kai wake ba, ita ke fitar da hasken, irin wanda ido ba ya gani. Ranar da abin ya faru ƙwayar ta maƙale a waje, shi kuma ya sa hannu. Iyakar abin da zan rubuta ke nan a kan wannan rana. Masu tambaya sun yi ta zuwa da jakunkunansu, sun ishe ni.

Lafiya lau ya dawo gida, ya ci abinci, har ya gyara min ƙafar tebur. Sai bayan kwanaki hannun ya yi ja, ya kumbura, ya yi bororo, ya fashe. Tun daga nan ya ƙi rufewa. Ƙuna ce ba ta wuta ba, daga ciki take ci, kuma zafinta ya hana shi barci, ya hana shi cin abinci, ya hana shi zama mutum.

To yau wata likita, 'yar siririya mai gilashi, ta ce akwai sabon magani, kuma Dogo ya dace da shi. Za a ɗebi kitse daga jikinsa, a tace, a ɗura a kewayen ciwon. Wai a cikin kitse akwai wasu ƙwayoyi 'yan yara da ba su zaɓi sana'a ba tukuna. In an kai su inda ya lalace sai su kama gini, su shimfiɗa wa jini sabbin hanyoyi, fata ta samu abin tsirowa a kai. Kitse fa! Abin da kowa ke zagi. Na sa mata suna Likitar Kitse.

Sai ta ce ya ɗaga riga. Ta kalli cikin, ta kalle ni. Ni ma na kalli cikin, na sunkuyar da kai. A ce mace tana aiki a gidan burodi, amma ana iya ƙirga haƙarƙarin mijinta daga bakin ƙofa.

Litinin, bayan la'asar

Na manta ban rubuta ɗayan likitan ba, ko kuwa in ce ban so ba. Babba ne, har girarsa ta yi furfura. Shi ya cire yatsan tsakiya watan jiya. Wancan yatsan, da ya daina ciwo murna muka yi, har na raba wa 'yan ɗakin kek. Ashe mutuwa ya yi. Ya yi baƙi, ya bushe, aka cire.

Babban likita mutumin kirki ne, amma ba na son yadda yake kallon babban yatsa da manuni, kamar tela yana auna yadi. Ya ce ya ba kitsen dama. In bai kama ba, sai ɗayan aikin. Ba zan rubuta sunan ɗayan aikin ba. Yatsun nan biyu ai su ne hannu. In babu su, ko maɓallin riga sai an sa maka, balle riƙe kayan aiki.

Amma zai kama. Ina ji a jikina.

Laraba, da rana

Yaya ta zo, yayar Dogo. Kujerar gefen gado sai da ta yi ƙara. Da na ba ta labari ba ta bari na kai ƙarshe ba, ta miƙe ta tare Likitar Kitse a ƙofa, ta dafa cikinta da hannu biyu.

"Likita, kitse kike nema? Ga shi nan yana zaman banza. Ku ɗiba, ku zo da bokiti. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da yaron nan."

Likita ta yi dariya har sai da ta cire gilashi. Ta ce, "Yaya, na gode, amma jiki ba ya karɓar baƙo. Sai nasa."

"Nasa? Wannan? Ai ko kin tatse shi ba za ki samu na suyar ƙwai ba."

Dogo da kansa ya yi murmushi, da zafin da komai. Rabon da in ga haƙoransa har na manta. Likita ta ce ba mai yawa suke buƙata ba, za su samu a cinya da ƙasan cibiya, amma lallai ya ci abinci, don ciwo ba ya rufewa a jikin da ke jin yunwa.

An ba ni aiki ke nan. Yau na zo da madara, ƙwai, man shanu, da burodin da na gasa masa musamman, wanda in mai gidan burodinmu ya ga yawan man da na zuba zai kore ni.

Alhamis, da safe

Loma uku ya yi ya ture. Ya ce in zafin ya taso, abinci kamar yashi yake a bakinsa. Na yi fushi, na fita, na dawo na ba shi haƙuri.

Asabar, da yamma

Kullum sista tana zuwa da tambayarta: "Daga ɗaya zuwa goma, zafin nawa ne?" Kullum ya ce tara. Na tambaye shi me ya sa ba ya cewa goma. Ya ce ya bar goma saboda gobe.

Yara suna wurin Mama. Ƙaramar ta aiko a tambayi babanta ko kitsen zai sa hannunsa ya fi ɗayan ƙiba. Ya ce a gaya mata e, zai zama kamar na Gwaggonta.

Ran Talata za a yi. Na wanke kayan da ba su yi datti ba, na share ɗaki sau biyu, na kasa zama wuri ɗaya.

Talata, da asuba

Yau ce. Ya Allah. Ya Allah.

Talata, bayan azahar

An yi! An fito da shi yana ta surutan maye, wai a kashe na'ura akwai mutane a kusa. Hannun naɗe da bandeji kamar curin kwaɓi.

Likitar Kitse ta nuna min abin kafin su ɗura, ta bayan gilashin taga. Ni da na zata zan ga wani abin mamaki, sai ga ruwa rawaya-rawaya cikin sirinji, kamar man da ya narke a gefen kasko. Na ce, "Likita, shi ke nan?" Ta ce, "Shi ke nan, Madam. Ma'aikata ne fal a ciki." Wallahi sai da na yi musu sallama a zuciyata. Na ce ku shiga da ƙafar dama, ku yi aiki tsakaninku da Allah, gidan ɗan'uwanku ne.

Na tambaye ta ta yaya za mu gane sun kama aiki. Ta ce, "Mu za mu gane. Ke dai ki ci gaba da kawo burodi."

Yaya ta kira kowa a dangi ta ce an yi wa ƙanenta allurar kitsensa. Wani kawu ya tambaya ko za a iya yi masa a gwiwa.

Alhamis, da hantsi

Cinya yake kuka da ita yanzu, inda aka ɗebi kitsen. Na ce madalla, an samu canjin waƙa.

Juma'a, da rana

Na shigo da kwanon abinci na tarar da shi yana barci. Barci! Baki buɗe, ƙafa ɗaya ta zubo daga gado, yana minshari kamar injin markaɗe. Watanni ke nan ban ji wannan minsharin ba. Da shi nake yi masa gori, yau kuwa na ajiye kwano na zauna ina saurare kamar an kunna min rediyo. Na so in fita in rungume duk wanda na tarar a hanya.

Ina jira ya tashi in ga fuskarsa.

Juma'a, da yamma

Ya tashi.

Ba abin da na zata ba ne.

Asabar, da safe

Jiya na kasa rubutawa. Bari in gwada.

Da ya buɗe ido bai yi murmushi ba. Ya kwanta yana kallon hannun, can ya ce in ja labule. Ya jawo ni kusa da hannun hagu, ya ce a hankali, "Ya daina."

Na ce, "Alhamdu lillahi!"

Ya ce, "Rage murya. Kin manta na tsakiya? Haka ya yi. Ya daina, kika raba kek."

Sai na ji kamar an zuba min ruwan sanyi a baya.

Ya ce, "Ke ba ki san abin nan ba, ni na san shi. Ranar da na riƙe shi a tafin hannuna ko ɗumi ban ji ba. A aikinmu, in kana jin zafi to da sauranka. Lokacin da ba ka jin komai shi ne ya gama da kai. In na gaya musu ya daina, gobe tsohon nan zai zo da wuƙarsa, kuma wannan karon ba yatsa zai tsaya ba."

Na ce, "To ya za mu yi, Baban yara?"

"Mu yi shiru. Mu ba kitsen lokaci, ko zai ceto wani abu kafin su gane. Ki rantse min ba za ki faɗa ba."

Na rantse. Me zan yi? Ni ma da idona na ga wancan yatsan.

Da sista ta zo da tambayarta, ya yamutsa fuska ya ce tara.

Lahadi, da rana

Tara.

Litinin, da yamma

Allah ya yafe min, yau na yi dariya har da hawaye. Dogo bai iya ƙarya ba ko kaɗan. Yana cikin cin burodi da ƙwai, yana ba ni labarin wani abokin aikinsa, sai ya ji takun sista. Nan take ya saki cokali, ya kama goshi, ya fara wani nishi kamar akuya ta maƙale a shinge. Tana fita ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Na ce, "Ka rage, ya yi yawa. Lokacin da yake yi maka da gaske ba haka kake ba. Shiru kake yi, kana cije leɓe, kana kaɗa ƙafa." Sai ga ni ina koya wa mijina yadda yake yi in yana jin ciwo. Mun gwada har ya iya. Ƙwayoyin rage zafin kuma ya daina haɗiyewa, yana ba ni ina zubarwa a banɗaki, don suna sa shi jiri.

In an zo canza bandeji, tun kafin a taɓa yake fasa ihu, don kada su latsa su gane. Yanzu sai sun ba shi maganin barci suke buɗewa. Shi kansa ko da wasa ba ya taɓa hannun, ba ya ma son kallonsa.

Amma yana ci! Yau ya cinye duka ya tambayi ƙari. Kumatunsa sun fara dawowa. Ta yaya mutum zai riƙa yin kyau haka alhali hannunsa yana... A'a. Ba zan rubuta ba.

Talata, da hantsi

Tara. Likitar Kitse ta tsaya ta daɗe a ƙafar gado. Ta ce, "Ko kaɗan bai sauka ba?" Ya ce ko kaɗan. Ta cire gilashi ta goge, ta fita ba ta yi min tsokanar burodi ba. Gajiya ce, ina jin. Aiki ya yi mata yawa.

Laraba, da rana

Tara.

Yaya ta ce, "Ni ban gane ba. Yaro yana ta ƙiba yana ta ihu." Na ce mata haka sabon maganin yake. Ƙarya ta fara yi min sauƙi a baki, ba na so.

A wurin aiki na ƙona tire guda na burodi. Mai gidan burodin ya ce in tafi gida in huta, na ce ba ni da inda ya fi min zama irin gaban tanda.

Alhamis, bayan azahar

Sun kira mu ɗakin babban likita. Su biyu ne, shi da Likitar Kitse. Ya ba mu kujera da kansa, tun nan na san ba lafiya ba.

Ya ce daga waje ciwon bai yi muni ba, har gefensa ya ɗan yi ja mai kyau. Amma irin wannan ƙunar tana da yaudara, sama ta yi kyau ƙasa tana ci. Abin da ke gaya musu gaskiyar ƙasa shi ne zafin. Tunda zafin yana nan yadda yake, har ba a iya taɓa hannun, to ɓarnar tana tafiya, kuma ba zai zuba ido mutum ya ci gaba da shan wannan azabar ba.

"Ran Litinin," in ji shi. Ɗayan aikin ke nan.

Likitar Kitse ta ce a ƙara mata mako guda. Ya ce, "'Yata, na ba ki abin da zan iya. Dubi mutumin."

Dogo yana zaune yana cije leɓe yana kaɗa ƙafa, daidai yadda na koya masa.

Alhamis, da yamma

Na bi Likitar Kitse har bakin matakala. Na ce, "Likita, don Allah, da ya kama, me za ki gani?"

Ta ce, "Zafin ne ke fara tafiya, Madam. Kafin fata ta nuna komai, sai ki ga mutum ya yi barci, ya nemi abinci. Shi nake jira kullum in na shigo ɗakin."

Na riƙe ƙarfen matakala. Na ce, "Me ya sa ba ki gaya mana ba?"

"Ban so in sa masa amsa a baki. In na ce zafi zai sauka, zai ce ya sauka don ya faranta min."

Na ce, "Amma ai yatsan da ya mutu ma ya daina ciwo."

Ta ce, "E, haka ne. Sai an taɓa ake bambancewa. Shi kuma ba ya bari a taɓa." Ta kalle ni ta saman gilashi. "Akwai abin da kike son gaya min?"

Na ce babu. Na juya da sauri har na yi karo da mai shara.

Ya kama! Ko bai kama ba? Ya kama! Ya yi barci, ya nemi abinci, har ƙari ya nema! Mu ne fa. Mu da bakinmu muke tura shi ɗakin tiyata ran Litinin.

Juma'a, da safe

Na gaya masa komai. Na zata zai yi tsalle. Sai ya juyar da kai wajen bango.

"Dabarar likitoci ce. So suke ki yi magana."

"Baban yara, in mun yi shiru ma ai Litinin tana nan!"

"Ba zan sa musu hannu a takarda ba. Sai su ɗaure ni."

"To ka bari ta taɓa. Taɓawa kawai."

Can ya ce, "In ta taɓa ban ji ba fa? Yanzu ko ba komai ban sani ba. In ta taɓa, na sani ke nan."

Ashe ba wayo ba ne duk wannan, tsoro ne. Mutumin da aikinsa kullum leƙa cikin ƙarfe ya faɗi gaskiyar da masu kwangila ba sa son ji, ya kasa leƙa cikin hannunsa. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni.

Ya ce, "Kin rantse."

Na ce na sani.

Juma'a, bayan la'asar

In na faɗa kuma shi ke da gaskiya, ni na kai su ga hannun da wuri, kuma ba zai taɓa mantawa ba. In na yi shiru kuma ita ke da gaskiya, za a yi ɗayan aikin a kan yatsu masu rai.

Na je wurin Mama na ga yara. Ban gaya mata ba. Ta ce na rame, na ce duk na zuba wa surukinta.

Asabar, da hantsi

Na faɗa.

Asabar, da rana

Sai yanzu na samu numfashi. Na sha ruwa, na wanke fuska, bari in rubuta tun ban manta komai ba.

Sun shigo zagayen safe, babban likita a gaba, Likitar Kitse a baya, sista da tirenta, ga Yaya zaune a kujerarta. Sista ta yi tambayarta. Dogo ya buɗe baki zai ce tara, sai na ji muryata ta riga shi.

"Ƙarya yake. Tun waccan Juma'ar ya daina yi masa ciwo. Yana barci, yana minshari, ƙwayoyin ma ni nake zubarwa. Cije leɓen nan ni na koya masa."

Yaya ta ce, "La ilaha illallahu!" Dogo ya yi min wani kallo da ban taɓa gani ba tun da muka yi aure. Babban likita ya ɗaga girarsa ya ce, "Malam, gaskiya ne?" Sai hawaye suka zubo wa Dogo.

Likitar Kitse ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Malam, kai ma in an kawo maka walda ba ka yarda da fenti, sai ka haska. Bari in haska." Ta sa sista ta warware bandejin, ba maganin barci, ba komai. Ta ce ya rufe ido. Ya ƙi. Yaya ta tashi ta rufe masa fuska da tafinta, ta ce, "Rufe mana, uban taurin kai."

Likita ta ɗauko wani ɗan ƙarfe daga tire, ta ɗora bayansa a kan babban yatsa. Ni na daina numfashi.

Dogo ya zabura. "Kai! Sanyi!"

Ta ɗora a manuni, can wajen tushe.

"Nan ma."

Ta matsa sama kusa da farce. Ya tattare goshi, sai ya ce, "Kaɗan. Kamar daga nesa."

Ta ɗan kankare gefen ciwon, sai ga jini, ja wur. Ban taɓa sanin za a yi ranar da zan ga jinin mijina in yi guɗa ba. Na yi. A asibiti, a gaban babban likita, har masu jinyar ɗakin kusa suka leƙo. Yaya ta rungume sista da tirenta, kaya suka zube.

Babban likita ya duƙa ya daɗe yana dubawa. Da ya miƙe ya nuna Dogo da yatsa ya ce, "Saura ƙiris ka sa ni in yi abin da zan mutu ina nadama. Kai da matarka duka kun cancanci bulala." Sai ya juya wurin Likitar Kitse ya ce, "Na soke Litinin. Ki yi zagaye na biyu. Kan manunin nan dai ban yi alkawari ba."

An soke! An soke! Kitsen Dogo, wanda bai kai na suyar ƙwai ba!

Lahadi, da yamma

Ba ya yi min magana. Na kawo abinci, ya ce wa Yaya, "Ki ce mata na ƙoshi." Ina tsaye a wurin. Da na fita ya cinye.

Ya yi ta yi. Fushin mai yatsu ne.

Talata, bayan azahar

An ɗura na biyu, daga ɗaya cinyar. Likita ta ce wannan karon ba ta sha wuyar nema ba, ta yaba wa gidan burodinmu. Sista ta yi tambayarta, ya ce, "Biyu. Cinya kuma shida." Ta ce, "Ka rantse?" Duk ɗakin aka kwashe da dariya, ban da shi.

Na yi kaffarar rantsuwata. Shi dai har yanzu ta bakin Yaya yake aiko min saƙo.

Juma'a, da hantsi

Ƙaiƙayi! Yanzu kukan ƙaiƙayi yake, yana murza ƙafa a katifa. Likita ta ce sabuwar fata ce ke tahowa daga gefe, siririya, ruwan hoda, kamar ta jariri. Na leƙa na gani da idona. Kan manunin ne kawai yake nan launin toka, babban likita ya ce watakila a rage shi kaɗan, iyakar farce. Na ce a ɗauki farcen, mun yafe.

Lahadi, da rana

Ya ce wa Yaya, "Ki ce mata gishiri ya yi kaɗan." Yaya ta ce ita ba 'yar aike ba ce, ta ɗauki jakarta ta tafi gida. Muka zauna mu biyu, yana kallon silin, ina kallon takalmina.

Laraba, da hantsi

Yau mai koyar da motsa jiki ta zo. An rage bandejin, yatsun biyu suna waje. Ta ce ya gwada haɗa kan babban yatsa da manuni. Ya gwada, suka yi rawa, suka tsaya da 'yar tazara a tsakani. Ya sake, gumi ya keto masa. Ta ba shi auduga ya kama, ta zame. Ta ce ba komai, a bari sai gobe.

Ya ce a'a. Ya ɗago kai ya kalle ni, karon farko tun Asabar ɗin da na faɗa.

"Ke. Zo nan."

Na matsa. Ya ce in miƙo hannu. Ya ɗora yatsun a damtsena, ya cije leɓe, na gaske wannan karon, ya yi ta tattara ƙarfi. Ina jin su suna rawa a kan fatata, masu ɗumi. Sai ya mintsine ni.

Ba wani mintsini ba ne, ko sauro ya fi shi. Amma ya kama fata, kuma na ji.

Ya ce, "Wannan na rantsuwar da kika karya ne."

Na ce, "Ban ji ba. Sake."

Ya sake. Wurin ya ɗan yi ja, ina ta nuna wa duk wanda ya shigo ɗakin.